BABI NA UKU: BAƘO DA NEMAN SANA'A A ZANGUNAN ƘASAR GHANA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin hanyoyin da fatake suka riƙa bi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja. A wannan babi kuma za a dubi mutumin da ya bi waɗannan hanyoyi ba da niyyar saro goro ya juyo ba, sai don ya zauna ya ci abinci da sana'ar hannunsa. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: idan mahauci ko baduku ko wanzami ko malami ya sauka a garin da ba a san shi ba, ba a san mahaifinsa ba, ba a kuma jin harshensa, ta yaya yake samun wanda zai ba shi aiki? Abin da ake nufi da sana'a a nan shi ne aikin da sai an zauna an koye shi a hannun wani, ba aikin ƙarfi irin dako ko leburanci ba, duk da yake za a ga cewa sau da yawa mai sana'ar yakan fara ne daga aikin ƙarfin.

3.1 Salaga da Fadar Tonawa

Masana irin su Adamu (1978) da Lovejoy (1980) sun nuna cewa a ƙarni na 19 garin Salaga shi ne babbar kasuwar da Hausawa suke haɗuwa da goron da ke fitowa daga kurmin Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa. Ayari ba fatake kaɗai yake ɗauka ba. Akwai malamin ayari, akwai wanzami, akwai mahauci da makaɗi, akwai kuma baduku mai gyaran mangala da takalma. Idan ayari ya juya gida, wasu daga cikin irin waɗannan mutane sukan tsaya. A wannan zamani matsalar neman aiki ba ta yi tsanani ba, domin mai sana'a yana tafe ne tare da masu buƙatarsa, kuma madugu ya san shi tun daga gida.

Sana'ar da ta fi kowace ƙetare iyakar harshe da addini ita ce malanta. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci Kumasi, wato Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da Musulmi a kusa da Sarkin Tonawa Osei Bonsu, suna yi masa rubutu da addu'a, suna kuma yi wa mayaƙansa layu. Ba dukkansu ne Hausawa ba, amma abin lura shi ne sarkin da ba Musulmi ba ya buɗe musu ƙofa saboda suna da abin da mutanensa ba su da shi, wato alƙalami. Misali mafi shahara a ƙarshen ƙarnin shi ne Alhaji Umaru Karki, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Ya zauna a Salaga, inda ya wallafa littafi na koyar da rubuta wasiƙa da Larabci, daga baya ya koma Kete-Karaci, inda Bajamushen nan Adam Mischlich ya koyi Hausa da tarihi a wurinsa. Ya rasu a 1934. Ba abin mamaki ba ne malami a garin fatake ya fara da littafin wasiƙa, domin bashi da amana da saƙon gida duk a takarda suke tafiya.

3.2 Watsewar Salaga da Kafuwar Zanguna

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Na farko, a 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, sai ƙarfin Tonawa a kan ƙasashen arewa ya raunana, goro ya fara neman wasu kasuwanni. Na biyu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa baƙin garin zuwa Kete-Karaci da Yeji da Kintampo da Atebubu, wasu kuma har Ankara, wato Accra. Bayan Turawa sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, sun kuma murƙushe tawayen 1900, sai Kumasi ita kanta ta buɗe ga baƙin da a da ba a barin su su ratsa kurmi yadda suka ga dama.

A daidai wannan lokaci tattalin arzikin ƙasar Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Ghana a zamanin mulkin mallaka, ya fara bunƙasa. An kafa kamfanin haƙar zinariya na Obuasi a 1897. Hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi ta isa Kumasi a 1903. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gwalkwas fitar da koko a duniya. Kuɗi ya yawaita a hannun manoma da ma'aikata, mai kuɗi kuwa yana son nama da tufafi da takalma da magani. Wani abin da ya ƙara sauƙaƙa tafiyar shi ne tun daga 1912 hukumar kuɗi ɗaya ce take buga wa Nijeriya da Gwalkwas fam da sule, saboda haka abin da mutum ya tara a Kumasi yana iya kashe shi a Kurmi ta Kano ba tare da canji ba. Mutanen Adar da Arewa da Gobir da ke ƙarƙashin Faransa kuma suna da ƙarin dalili, wato gudun haraji da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi.

Unguwannin da waɗannan baƙi suka kafa su ne zanguna. A Ankara, Malam Bako, ɗan Malam Idrisu Naino, shi ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, unguwar Nima kuma ta taso daga baya a kan filin da aka ba Malam Futa, wani dillalin shanu. A Kumasi Turawa sun amince da Sarkin Zango, har a ƙarshen shekarun 1920 aka ba Malam Salau, mutumin Katsina, kotun da yake yi wa baƙi shari'a.

3.3 Maigida

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. A zango kuwa ɗan garin shi ne tsohon baƙo, wanda ya riga ya gina gida mai ɗakuna da yawa, ya iya harshen Tonawa ko na mutanen Ankara, ya kuma san sarakunan gari da 'yan sanda. Shi ake kira maigida. Sabon zuwa idan ya sauko daga mota ba ya tambayar inda ake ɗaukar ma'aikata. Abin da yake tambaya shi ne ina gidan Katsinawa, ko ina gidan Kabawa, ko Zazzagawa. A can za a ba shi wurin kwana a zaure ko a ɗakin samari, a sa hannunsa a cikin akushi, ba a kuma cika tambayarsa kuɗin haya a kwanakin farko ba.

Wannan karamci yana da fuska biyu, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin sadaka kawai. A cikin makonnin da baƙo yake cin tuwon maigida ana kallonsa ne. Ana lura da ko yana tashi sallar asuba, ko yana caca, ko idan an aike shi da sule goma yana dawo da canji daidai. Ana kuma tambayar matafiya daga garinsu ko ɗan wane ne, me kuma ya raba shi da gida. Mutumin da ya ce shi mahauci ne babu takardar da zai nuna. Hasali ma ƙwarewar hannu ba ita ce abin da ake shakka ba, domin wannan rana ɗaya a kwata ta isa ta bayyana ta. Abin da ake shakka shi ne amana, ita kuwa ba a gane ta a rana ɗaya.

Sana'ar fawa ta fi kowace fito da wannan a fili. Ƙudan tsando ba ya barin a yi kiwon shanu a kurmi, don haka naman da ake ci a Kumasi da garuruwan ma'adinai a wancan zamani daga arewa ake koro shi a ƙafa, daga ƙasashen Mosi da Mali da Nijar, a ƙetare kogin Volta a Yeji, a biyo ta Prang da Atebubu. Kamar yadda Hill (1966) ta bayyana game da kasuwar shanu ta Kumasi, mai shanu yakan sauka ne a gidan maigida, dillalan maigida su nemo masu saye, kuma yawancin cinikin bashi ne. Mahauci yana karɓar sa yau, ya yanka, ya sayar, ya biya bayan 'yan kwanaki. Mai shanu baƙo ne, bai san mahaucin ba, maigida ya sani. Idan mahauci ya ci kuɗin ko ya gudu, wuyan maigida aka riƙe. Abin da maigida yake samu shi ne la'ada, jarinsa kuwa shi ne sunansa.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa mahaucin da ya shekara goma yana fawa a Kano ko Maraɗi ba ya samun teburin kansa ranar da ya isa Kumasi. Dole ya koma yaro. Zai yi fiɗa, ya wanke kayan ciki, ya ɗauki nama a ka daga kwata zuwa kasuwa, ko a ba shi ɗan kaso ya je ya yi tsire a bakin tasha da dare. Sai Sarkin Fawa da wani maigida sun gamsu da shi kafin a ba shi bashin akuya, daga akuya a kai ga raba sa ɗaya tsakanin mutum biyu ko uku, kafin a wayi gari a danƙa masa sa shi kaɗai. Wanda ya yi haƙuri ya hau wannan tsani yakan zama maigida shi ma wata rana. Wanda kuwa ya saɓa alkawari sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa zangon gaba, domin masu gidajen Kumasi da Sekondi da Ankara suna aika wa juna baƙi da wasiƙu. Cohen (1969) ya tarar da irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, abin da ke nuna ba Gwalkwas kaɗai ba ce.

Sai dai ba a rasa zalunci a ciki. Yaron da maigida ya yi wa aure, ya ba shi ɗaki, ba ya iya ɗaga kai ya ce rabon da ake ba shi ya yi kaɗan. Barin maigida zuwa wani kuma ana ɗaukarsa butulci. Akwai waɗanda suka tsufa suna yaran wani. Duk da haka, idan aka auna da halin wanda ya zo ba shi da kowa, za a ga cewa ƙangin maigida ya fi kwanan tasha.

Tarihin Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana nuna iyakar inda wannan hanya take iya kai mutum. Ya zauna a Ankara yana saurayi, yana kuma cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya dawo Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Amma bai kamata a mai da shi ma'auni ba. Shi ɗan gidan fatake ne, ya kuma tarar da nasa a can.

3.4 Sana'ar da Ta Karɓu da Wadda Ba Ta Karɓu Ba

Ba kowace sana'a ce take ƙetare kogi da darajarta ba. Ƙa'idar da ta bayyana ita ce baƙo yana cin kasuwa ne a inda ɗan ƙasa ba ya so, ko bai iya ba. Masaƙi Bahaushe ba shi da abin da zai nuna wa Tonawa, waɗanda suke da masaƙan kente nasu a Bonwire, ga kuma atamfar Turai ta cika kantuna. Haka maƙerin farfaru ba zai yi gasa da maƙeran zinariyar fadar Kumasi ba. Irin waɗannan sukan bar sana'ar gado su kama wata. Baduku kuwa ya samu shiga, domin ana buƙatar takalma da kube da ɗinkin laya, su ma masu ɗinkin babbar riga da hula suna da kasuwa a cikin zango da wajen sarakunan arewacin ƙasar.

Wanzanci shi ne abin ban sha'awa. A al'adar Tonawa ta dā ba a yin kaciya, har ma wanda aka yanki wani sashe na jikinsa ba ya hawa kujerar sarauta. Amma a cikin ƙarni na 20 kaciya ta bazu a kudancin ƙasar, kuma wanzaman zango suna cikin waɗanda suka yaɗa ta, har kalmar "wanzam" ta zauna a bakin mutanen Ghana da ma'anar mai yin kaciya. Harshe ya adana irin wannan shaida a wasu wurare ma. Abincin da suke kira "waakye" daga wake ne, "tuo zaafi" tuwon zafi ne, koko da ƙosai kuma har ana danganta kokon da Hausawa a cikin sunansa. Waɗannan kalmomi tarihin matan zango ne, waɗanda littattafai ba su cika ambato ba. Mace ba ta buƙatar Sarkin Fawa ya tsaya mata. Tukunya da murhu da 'yar talla sun isa, kuma sau da yawa da kuɗin kokonta ake riƙe gida kafin mijin ya samu tsayuwa.

Akwai kuma sababbin sana'o'in da ba a zo da su daga gida ba, musamman tela da tuƙin mota. Su ma ta hannun maigida ake shigarsu, shi yake kai yaro wurin mai keken ɗinki ko direba, ya tsaya masa. Yaron mota yakan yi shekaru yana ɗora kaya da sa wejin taya kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, kuma a ƙarshe sai ya ci jarrabawar lasin. Wannan ne wuri na farko da ɗan zango ya fara cin karo da takardar gwamnati a kan hanyar cin abincinsa.

3.5 Aikin Bature

A gefen kasuwar zango akwai wata kasuwar aiki dabam, ta gwamnati da kamfanoni: reluwe, ma'adinai, tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928, da ma'aikatar ayyuka. A nan maganar maigida ba ta da nauyi. Kafinta da fita da magini da akawu yawancinsu mutanen bakin teku ne da suka fito daga makarantun mishan, musamman wuraren koyon sana'a na Mishan ɗin Basel da ke Osu, ko kuma baƙi 'yan boko daga Saliyo da Ikko. Bahaushen da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, a idon ɗan kwangila jahili ne. Abin da ya rage masa shi ne lebura ko gadi, ko dako a kasuwa, aikin da Rouch (1956) ya tarar Zabarmawa da sauran mutanen Nijar sun yi yawa a cikinsa.

Ƙofa ɗaya ce ta aikin Bature da ta buɗe wa Bahaushe tun farko, ita ce ta soja. Rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863 an kawo ta yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874, kuma rundunar da aka kafa a Gwalkwas a 1879 an daɗe ana kiranta ta Hausawa, ko da yake da yawa daga cikin sojojin Hausar kawai suke ji. Tsohon soja yakan fita da 'yar takardar sallama da ɗan Turanci, su kuma suke sa a ɗauke shi masinja ko mai gadin kanti.

A nan ne zango ya yi wa kansa illa. Tun da fawa da dillanci da malanta suna ciyar da mutum ba tare da boko ba, kuma makarantun na mishan ne, iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu shiga. Dalilinsu na tsoron addini ba abin rainawa ba ne. Amma sakamakon shi ne jikan wanda ya zo a 1900 yana nan a sana'ar kakansa, ba shi da wakili a ofisoshin da za a yanke hukunci a kansa.

3.6 Takarda Ta Maye Gurbin Maigida

Alamar farko ta bayyana a shekarar da Ghana ta sami mulkin kai. A 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya saboda goyon bayan 'yan adawa, har majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu lokacin da suka kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne. Idan ana iya ɗauke maigida kansa a sa a jirgi, to lamunin da yake yi wa wasu ya zama abin tambaya. A 1958 Ghana ta fitar da kuɗinta, zumuncin fam ɗaya ya ƙare. Ƙidayar 1960 ta nuna mutanen da asalinsu na waje ne sun haura dubu 800, wato kusan kashi 12 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A 1963 aka yi dokar baƙi da ta wajabta takardar izinin zama, sai dai ba a tsananta aiki da ita ba, mutanen zango kuma ba su damu da nema ba. Mutumin da aka haifa a Sabon Zango bai ga dalilin neman izinin zama a gidan ubansa ba, alhali a dokar ƙasar haihuwa kaɗai ba ta isa ta mai da shi ɗan ƙasa ba.

Da farashin koko ya faɗi, aikin yi ya yi wuya, sai aka fara nuna baƙi da yatsa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya samo ta ko ya bar ƙasar. Samun fasfo a cikin kwana 14 ba abu ne mai yiwuwa ga yawancinsu ba, balle 'yan Nijeriya da ƙasarsu take cikin yaƙin basasa. Fiye da mutum dubu 100 suka fita, Yarabawa 'yan kasuwa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. An sayar da gidaje da kekunan ɗinki da rumfuna a kan farashin banza. Basussukan shanu da na goro da ke rataye a kan amana suka bi ruwa, domin mai bin bashin da wanda ake bi da wanda ya tsaya a tsakani kowa ya kama gabansa. A 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe ƙananan harkokin ciniki ga 'yan ƙasa. Da aka ga gonakin koko suna neman rasa ma'aikata, gwamnati ta sassauta wa leburorin gona. Wato wanda ya tsaya a aikin ƙarfi ya fi samun rangwame a kan wanda ya yi shekara talatin yana hawa tsani har ya mallaki rumfa.

Zanguna ba su mutu ba. Da yawa sun ɓuya, wasu sun dawo bayan sojoji sun kifar da Busia a Janairun 1972. Amma akalar tafiya ta juya. Arzikin man fetur ya jawo 'yan Ghana zuwa Nijeriya, malaman makaranta da teloli da magina da masu gyaran takalma, har cikin Kano da Kaduna, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shiga na kwana 90 ba tare da biza ba, amma ba ta ba su izinin aiki ba. A ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, kuma kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya suka kama hanya. Masu ƙwararriyar sana'a, irin su kafintoci da magina da ma'aikatan jinya, an ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen watan Fabrairu.